Idon Na'ura A Kan Yadin Da Ake Ƙera Jiragen Sama

A ranar 23 ga watan Yuni na 2023 darajar hannun jarin kamfanin Siemens Energy na ƙasar Jamus ta faɗi da kimanin kashi 37 cikin 100 a kasuwar hannun jari ta birnin Frankfurt, cikin yini guda tak. Abin da ya jawo haka shi ne sanarwar da kamfanin ya fitar a daren da ya gabata cewa ya janye hasashen ribar da ya yi wa masu jari, saboda an gano lahani a injunan samar da wutar lantarki daga iska waɗanda reshensa, Siemens Gamesa, ke ƙerawa. Da watan Agusta ya kama, kamfanin ya ƙiyasta cewa gyaran zai ci Yuro miliyan 1,600, shugabanninsa kuma suka bayyana cewa daga cikin lahanin akwai ɓarɓashi a cikin boris da kuma tattarewar yadi a cikin fikafikan farfelar injunan. Kafin shekarar ta ƙare sai da gwamnatin Jamus ta tsaya wa kamfanin lamunin Yuro miliyan 7,500 domin bankuna su ci gaba da mara masa baya.

Ɗan kasuwar da ya saba da harkar yadi a Kantin Kwari zai yi mamakin jin cewa tattarewar yadi na iya girgiza kamfani mai girma haka, tun da a wurinsa yadin da ya tattare guga ce maganinsa. Amma akwai wani irin yadi da ba a ɗinka riga da shi. Da shi ake ƙera gangar jikin jirgin sama da fiffikensa, da farfelar injin iska, da wasu motoci, kuma a kansa ne manyan kamfanoni ke zuba jari a yau domin koya wa na'ura mai ƙwaƙwalwa gani. Wannan nazari ya duba dalilin zuba jarin, da yadda na'urar take gani, da kuma inda ganinta ya tsaya.

Zare Da Danƙo

Hikimar haɗa abu biyu domin a samu na uku wanda ya fi su ƙarfi tsohuwa ce. Maginin gargajiya yakan cuɗa ƙasa da ramno domin kada bango ya tsage, maginin zamani kuma yakan sa rodi a cikin kankare. Abin da injiniyoyi ke kira kwamfozit ɗan wannan gida ne: zare mai ƙarfi, na gilashi ko na kabon, wanda aka jiƙa da danƙon epoksi aka gasa har ya sandare. Zaren ne ke ɗaukar nauyi, danƙon kuma ya riƙe shi a mazauninsa.

Silin zaren kabon bai wuce kashi 7 cikin 1,000 na milimita ba, wato kusan kashi ɗaya cikin goma na kaurin gashin mutum. Akan tara sili 3,000 ko 12,000 ko 24,000 a dami guda, sannan a saƙa su su zama yadi, ko a jera su a miƙe su zama ziri mai kama da zirin kaset. Hanyar yin zaren da ake amfani da ita yanzu ta samo asali ne daga aikin Akio Shindo a birnin Osaka na Japan wajen 1960, da kuma aikin masu bincike na Farnborough a Ingila cikin 1963. Kayan bai shigo kasuwa da ƙafar dama ba. Cikin 1970 fikafikan zaren kabon da kamfanin Rolls-Royce ya yi wa injinsa samfurin RB211 sun tarwatse lokacin da aka harba musu kaza a gwajin karo da tsuntsu, lamarin da ya ƙara wa aikin tsada da jinkiri har kamfanin ya durƙushe cikin watan Fabrairu na 1971, gwamnatin Birtaniya ta karɓe shi.

Rashin nauyi ne ya dawo da kayan. Jirgin Boeing 777, wanda ya fara jigila cikin 1995, kimanin kashi 12 cikin 100 na nauyin jikinsa ne na zare da danƙo. A jirgin Boeing 787, wanda ya fara aiki cikin 2011, adadin ya kai kashi 50, a Airbus A350 na 2015 kuma kashi 53. Boeing ya ce samfurin 787 yana rage shan mai da kimanin kashi 20 idan aka kwatanta da jiragen da ya gada, ko da yake sababbin injuna ma suna da rabonsu a wannan ragi. Kamfanin jiragen saman Habasha ne ya fara kawo 787 nahiyar Afirka cikin 2012, saboda haka da yawa daga cikin 'yan kasuwar da ke bi ta Addis Ababa zuwa ƙasar Sin sun riga sun yi tafiya a cikin gangar zare da danƙo ba tare da sun lura ba.

Abin da ya kamata a riƙe game da wannan zare shi ne ƙarfinsa yana bin tsawonsa ne kurum. Idan aka ja shi ta inda ya miƙe ya fi ƙarfe juriya, idan kuwa nauyi ya zo masa ta gefe, danƙon ne kaɗai ke kare shi. Don haka ake shimfiɗa shi hawa-hawa, kowane hawa da fuskar da ya nufa: wannan a miƙe, na samansa a gicciye, na gaba a karkace digiri 45, kamar yadda ake jera azara a rufin soro. Kaurin hawa guda bai kai rubu'in milimita ba, kuma a wurare masu kauri, kamar gindin fiffike, hawan yakan haura 100. Duk inda zare ya kauce wa fuskar da injiniya ya tsara masa, ko ya tattare ya yi tudu, wurin ya rasa wani kaso na ƙarfinsa, musamman idan nauyi ya danne shi. Daga waje kuwa babu abin da ido zai gani.

Ba A Sayar Da Fiffike Lamba Biyu

A masaƙar yadin sawa, irin waɗanda suka bunƙasa a Kaduna tun buɗe Kaduna Textiles cikin 1957, akan zare yadi a kan teburi mai fitila, ma'aikaci ya tsaya yana duban zaren da ya tsinke, da tabon mai, da huji. Tsarin maki huɗu da ake amfani da shi a cinikin yadi na duniya yana ba aibin da bai wuce inci 3 ba maki ɗaya, wanda ya haura inci 9 kuma maki huɗu, sai a tara makin a yanke wa bandir daraja. Kiyasin da aka fi ambata a masana'antar shi ne mai duba da ido yakan kama kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na aibin da ya wuce ta gabansa, kuma hankalinsa yakan ragu idan tsayuwar ta yi tsawo. Masaƙa tana iya rayuwa da haka, domin yadi mai tabo yana da kasuwarsa: a rage farashi, a kira shi lamba biyu, mai ƙaramin ƙarfi ya saya.

Fiffiken jirgin sama ba shi da lamba biyu. Ko dai ya cika ƙa'ida ko ya zama shara, kuma sharar ma ba ta da daraja sosai. Alminiyon da ya lalace a masana'anta ana narkar da shi a mayar da wani ɓangare na kuɗin. Danƙon epoksi kuwa, da zarar an gasa shi, ya zama kamar dafaffen ƙwai, ba ya komawa ɗanye.

Daga nan ne lissafin ya taso. Idan aka ga aibi a daidai lokacin da ake shimfiɗa zirin, sai a cire shi a sa wani, asarar ba ta wuce ta 'yan mintoci da ɗan guntun kaya ba. Idan ba a gan shi ba har aka ɗora hawa goma a kansa, sai an ɓare goman. Idan ya shiga tanderu mai matsin iska, inda ake gasa kayan a zafin da ya kai digiri 180 na tsawon sa'o'i, to gyaransa sai an kankare wurin an yi faci da iznin injiniya, ko a jefar da kayan gaba ɗaya tare da dukkan kuɗin zare da ƙwadago da wutar da suka riga suka shiga cikinsa. Idan kuwa ya fita daga masana'anta, maganar ta koma ta hayar injin ɗaga kaya, da tsayar da aiki, da diyya, da faɗuwar hannun jari. Aibi ɗaya ne, amma farashinsa yana ninkawa a kowane mataki. Abin da kamfani ke saye idan ya sayi idon na'ura shi ne damar kama aibi a matakin farko, lokacin da yake da araha.

Inji Ya Fi Ido Sauri

Har zuwa shekarun 1980 yawancin wannan aiki da hannu ake yinsa: a yanka yadi, a shimfiɗa a kan mazubi, wato ƙarfen da aka ƙera da siffar abin da ake so, a lallaɓe shi da tafin hannu. Manyan jirage sun fi ƙarfin haka. Sai aka ƙera injuna masu sarrafa kansu waɗanda ke ɗauke da ziri 16 ko 32 a lokaci guda, kowanne faɗinsa rubu'in inci ko rabin inci, suna ɗumama shi, suna danna shi a kan mazubi, suna yanke kowane ziri a inda aka tsara. Kamfanonin da suka shahara da ƙera su sun haɗa da Electroimpact da Ingersoll a Amurka, da MTorres a Sifen, da Coriolis a Faransa. Kowane inji na miliyoyin daloli ne. Ginin da Boeing ya buɗe a garin Everett cikin 2016 domin ƙera fikafikan 777X ya ci sama da dala miliyan 1,000.

Injin yana da nasa kurakuran. Yakan bar giɓi tsakanin ziri da ziri, ko wani ya hau kan wani. Ziri yakan murɗe, ko ya ninke, ko ya tsinke a rasa shi ɗungurungum. A kan kwana yakan yi gada maimakon ya kwanta. Wani lokaci kuma guntun takardar da ke bayan zirin, ko dunƙulen gashin zare, yakan faɗa a binne shi a ciki, ya hana hawa biyu mannewa.

Saboda haka ƙa'idar masana'antar jiragen sama ta tanadi a duba kowane hawa kafin a ɗora na gaba. Inji ya tsaya, fitilar leza ta zana iyakar hawan a jikin kayan, ma'aikata su matso da tocila suna bi ziri-ziri, suna neman baƙin aibi a kan baƙin yadi mai sheƙi. Alƙaluman da injiniyoyin wannan fanni suka wallafa sun nuna cewa duba da gyara sukan cinye daga sulusi zuwa kusan kashi biyu cikin uku na lokacin da kayan ke yi a gaban injin. Ma'ana, an kashe miliyoyin daloli a kan injin da ke shafe babban ɓangare na yininsa a tsaye yana jiran mai tocila. Duk ƙarin saurin da aka yi masa ba zai kawo riba ba muddin dubawa tana nan yadda take, kamar dai ayarin da ba ya wuce saurin raƙuminsa na baya.

Akwai kuma wani agogo da ke tafiya. Zaren da aka riga aka jiƙa da danƙo ana ajiye shi ne a firiza, a sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri, kuma da zarar an fito da shi kwanakinsa a ƙidaye suke kafin danƙon ya fara daskarewa. Jinkirin dubawa yana cin waɗannan kwanaki.

Yadda Na'urar Take Gani

Kyamarar da aka saba da ita ba ta jin daɗin zaren kabon. Baƙi ne, yana haɗiye haske ta wata fuska yana walƙiya ta wata, kuma abin da ake nema launinsa ɗaya da abin da yake kwance a kai. Dabarar da ta fi karɓuwa ita ce a daina neman launi a koma auna tsayi. Akan haska siririn layin leza a kan yadin, kyamara kuma ta dube shi daga gefe. Inda yadin ya kwanta sumul layin yakan fito a miƙe. Inda akwai giɓi yakan faɗa, inda ziri ya hau ziri yakan yi tsalle daidai kaurin hawa guda. Yayin da kan injin ke tafiya, dubban irin waɗannan layuka sukan haɗu su ba da taswirar tudu da kwari na dukkan hawan, sai kwamfuta ta gwada ta da zanen da injiniya ya tsara.

Hanya ta biyu tana amfani da zafin da injin ya riga ya ba zirin. Kyamarar da ke ganin zafi tana bin bayansa, kuma wurin da bai manne ba, ko wanda baƙon abu ya shiga, yakan huce da sauri daban da na kewayensa. Hukumar NASA ta Amurka ta yi gwaje-gwaje irin wannan a cibiyarta ta Langley, inda ta ƙaddamar da wani inji mai suna ISAAC cikin 2015. Hanya ta uku ta dogara ne da cewa zaren kabon yana ɗaukar lantarki, don haka ana iya bin sa da maganaɗisu a gane fuskar zaren da ke hawa na ƙasa.

Matsalar saƙaƙƙen yadi ta ɗan bambanta. Idan aka ɗora shimfiɗaɗɗen yadi a kan mazubi mai lanƙwasa, dole zaren tsaye da na kwance su gusa daga yadda aka saƙa su, kuma idan gusawar ta wuce iyaka sai yadin ya tattare. Duk telan da ya taɓa ɗinka hula ya san haka. A nan aikin kyamara shi ne auna kusurwar zaren a kowane wuri. Kamfanin BMW ya yi fama da wannan a motarsa samfurin i3, wadda ya ƙera kimanin 250,000 daga 2013 zuwa 2022 da gangar zaren kabon, domin a masana'antar mota babu sararin tsayawa a duba kowane hawa da tocila.

Ɗaukar hoto rabin aiki ne, sauran rabin shi ne karanta shi. A shekarun 1990 masu bincike sukan rubuta wa kwamfuta ƙa'idoji da hannu. Tun da saƙa abu ne mai maimaita kansa, sai a lissafa tsarin maimaitawar, duk inda ya karye a ce aibi ne. Tarin hotunan yadi mai suna TILDA da aka haɗa a Jamus cikin 1996 domin irin wannan gwaji aka yi shi. Hanyar tana aiki a kan yadi guda a ƙarƙashin fitila guda, amma da an sauya saƙa ko haske sai a koma farko.

Sauyin ya zo cikin 2012, lokacin da Alex Krizhevsky da Ilya Sutskever da malaminsu Geoffrey Hinton na Jami'ar Toronto suka lashe gasar gane hotuna ta ImageNet da kuskuren kimanin kashi 15 cikin 100, alhali na biye da su yana da kashi 26. Tsarinsu, wanda aka kwaikwayo daga yadda jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke sarƙe da juna, ba a rubuta masa ƙa'ida. Misalai ake nuna masa masu yawa, ya fitar da ƙa'idar da kansa. Cikin 2015 masu bincike a Jami'ar Freiburg suka fito da tsarin U-Net, wanda ke iya zana iyakar abu a cikin hoto ɗigo-ɗigo. Domin hotunan asibiti aka yi shi, amma masu duba yadi suka are shi. Cibiyar McNAIR ta Jami'ar South Carolina, da cibiyar binciken sararin samaniya ta Jamus a garin Stade, suna cikin waɗanda suka ɗora irin waɗannan tsare-tsare a kan hotunan leza na injin shimfiɗa ziri.

A nan wani abin mamaki ya bayyana. Na'urar tana buƙatar dubban misalan aibi kafin ta ƙware, amma masana'antar kirki ba ta yawan yin aibi, kuma aibin da ya fi haɗari shi ne wanda ya fi wuyar samu. Wanda aka samu ɗin ma kamfanoni ba sa son fitar da hotonsa, domin sirrin kasuwancinsu ne. An bi hanyoyi biyu wajen magance haka. Ta farko ita ce a ƙirƙiro hotunan aibi da kwamfuta, ko a yi aibin da gangan a ɗakin gwaji. Ta biyu ita ce a nuna wa na'urar lafiyayyen yadi kawai har ta haddace shi, sannan ta yi ƙara duk lokacin da ta ga abin da ba ta saba gani ba. Kamfanin MVTec na birnin Munich ya fitar da tarin hotuna sama da 5,000 cikin 2019 domin gwada wannan hanya ta biyu. Fa'idarta ita ce tana iya kama aibin da ba a taɓa gani ba, illarta kuma ba ta faɗin wane iri ne.

Kuskure Iri Biyu

Dillalin na'ura yakan ce kayansa suna daidai kashi 99 cikin 100. Mai saye ya kamata ya tambaya: kashi 99 na me? Domin na'urar tana iya yin kuskure ta fuska biyu, ko ta bar aibi ya wuce, ko ta yi ƙara a kan lafiyayyen yadi.

A ƙaddara, domin misali kawai, cewa wata masana'anta tana ɗaukar hoto 100,000 a mako, kuma 100 daga cikinsu ne ke da aibi na gaske. Na'urar ta kama 99, ta rasa ɗaya. A cikin lafiyayyun hotuna 99,900 kuma ta yi kuskure a kan ɗaya cikin kowane ɗari, wato 999. Jimillar ƙarar da ta yi 1,098 ke nan, kuma ɗaya ce kacal cikin kowace goma sha ɗaya ta gaskiya. Idan kowace ƙara tana cin minti biyu na ma'aikaci, an yi asarar sama da awa 36 a mako, galibinsu a kan banza. Abin da ya fi asarar lokacin muni shi ne ma'aikacin da aka kira sau goma bai ga komai ba zai fara danna maɓallin wucewa ba tare da ya tashi ba.

Idan aka rage wa na'urar tsanani ƙarar banza takan ragu, amma aibin da ke kuɓucewa ya ƙaru. Inda za a tsayar da ma'aunin shawara ce ta kuɗi kafin ta zama ta fasaha. Mai ƙera fiffiken jirgi zai jure ƙarar banza mai yawa domin kada ya rasa aibi ɗaya. Mai saƙa buhun taki ba zai jure ba, domin buhu ɗaya mai huji bai kai kuɗin tsayar da inji ba.

Inda Ganin Ya Tsaya

Kyamara da leza fuskar hawa suke gani. Kumfar iskar da ta maƙale a cikin danƙo, ko tattarewar da ta auku a cikin tanderu sakamakon matsi, sai bayan gashi ake gano su, ta hanyar aika amon da kunne ba ya ji cikin kayan a saurari dawowarsa. Wannan gwaji yana nan daram. Hukumomin kula da lafiyar jirage, FAA a Amurka da EASA a Turai, suna buƙatar hujja kafin a maye gurbin wata hanyar dubawa da wata, kuma tsarin da ya koyi ƙa'idarsa da kansa yana da wuyar bayyana dalilin hukuncinsa. Saboda haka a wurare da yawa na'urar tana nuna wurin da take tuhuma ne, mutum kuma ya yanke hukunci ya sa hannu.

Haɗura biyu na baya-bayan nan sun nuna cewa ganin aibi daban, ɗaukar mataki a kansa daban. A ranar 18 ga watan Yuni na 2023 jirgin ƙarƙashin teku mai suna Titan, na kamfanin OceanGate, ya murƙushe a hanyarsa ta zuwa ɓaraguzan jirgin Titanic, mutum biyar suka rasu. A zaman binciken da rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka ta yi cikin watan Satumba na 2024 an ba da shaida cewa gangar zaren kabon ɗin tana da tattarewa da ramukan iska tun daga ƙira, kuma an goge tudun tattarewar ne an ci gaba da ɗora wasu hawan. An ga aibin, sai aka zaɓi a lallaɓa shi.

A ranar 13 ga watan Yuli na 2024 kuma fiffike mai tsawon mita 107 ya karye a tashar injunan iska ta Vineyard Wind da ke tekun jihar Massachusetts, tarkacensa ya sa aka rufe wuraren wanka na tsibirin Nantucket a tsakiyar lokacin baƙi. Kamfanin GE Vernova ya ce rashin isasshen manni ne daga masana'antarsa ta garin Gaspe a Kanada, ya kuma amsa cewa ya kamata a ce sashen tabbatar da inganci ya kama shi. Sai da ya koma ya sake duba bayanan gwajin fikafikai kimanin 150, cikin 2025 kuma ya amince ya biya garin Nantucket dala miliyan 10.5.

Duk da haka kasuwa ta riga ta nuna inda ta dosa. Kamfanin Hexagon na ƙasar Suwidin ya sayi Apodius, wani ƙaramin kamfanin birnin Aachen mai auna fuskar zaren kabon, cikin 2016. Cikin 2018 kuma Uster na ƙasar Suwizalan, wanda masaƙu suka daɗe da sanin na'urorinsa na gwada zare, ya sayi Elbit Vision Systems na Isra'ila domin ya shiga harkar duba yadi da kyamara. Wannan ciniki na biyu shi ya fi kusa da masu masana'antu a Nijeriya, domin fasahar da ke duba zirin kabon 'yar uwar wadda ke duba atamfa da buhu da tabarmar roba ce, kuma farashin kyamara da kwamfuta ya sauko ƙwarai.

Mai masana'antar da ke tunanin sayen irin wannan na'ura zai fara ne da lissafin da yake hannunsa: nawa kayan da aka dawo da su da waɗanda aka karya wa farashi suka ci masa a bara, kuma a wane mataki aka gano aibinsu. Idan adadin bai kai kuɗin na'urar da kula da ita ba, ƙarin fitila a teburin dubawa da sauya ma'aikaci kafin idonsa ya gaji za su fi masa riba. Idan ya kai, to na'urar tana son wutar da ba ta rawa, da hasken da ba ya sauyawa, da gilashin da ƙurar hunturu ba ta rufe ba. Gwaji kuma a yi shi a kan yadin mai saye, a cikin masana'antarsa, a rubuta alƙaluman kuskuren nan iri biyu a cikin yarjejeniya. Wajibi ne yarjejeniyar ta fayyace wanda ya mallaki hotunan da za a tara da alamomin da tsofaffin masu duba yadi za su sa musu, domin da waɗannan hotuna ne na'urar ke ƙwarewa, kuma duk wanda ya bar su a hannun dillali zai sake biyan kuɗin koyarwa daga farko ranar da ya so sauya kamfani.